Gargaɗin da Ya Ƙi Tafiya: Yadda Za Ka Raba Laftof Ɗinka da Tallar Dole

'Yan'uwana ɗaliban Poli ta Ƙauran Namoda. Duk wanda ke ajin ƙarshe ya san wannan zangon ba na wasa ba ne. Ga firojet, ga difens, ga jarrabawa na ƙaratowa. Kuma a daidai irin wannan lokaci ne laftof ke tsiro da rigima. Kana tsakiyar babi na uku, sai wani ɗan akwati ya leƙo ta kusurwar dama ta ƙasa, wai an gano bairos biyar, ka danna nan. Ka rufe, bayan minti goma ya dawo. Ka buɗe burauza, shafukan caca da na maganin ƙiba su buɗe kansu. Data ta ƙare ba ka san inda ta tafi ba. Ka kai wa mai gyara, ya karɓi kuɗi ya ce ya wanke, kwana uku abin ya dawo sabo fil.

'Yan gidan manoma sun san ƙuduji. Ka cire wanda ya fito a gonar gero, baɗi ya sake fitowa, don irinsa yana nan cikin ƙasa. Haka gargaɗin nan yake. Idan yana dawowa, to akwai abin da ke dawo da shi, kuma wannan abin ne ya kamata a nema. Aikin kashi uku ne: ka gane wane ne ke magana, ka tono tushen, ka toshe ƙofar da ya shigo.

Wa ke maka gargaɗin?

Iri uku ne, kuma maganinsu ya bambanta.

Na farko, sanarwar burauza. Wata rana ka shiga shafin sauke fim ko na kallon ƙwallo kyauta, aka ce ka danna "Allow" don a tabbatar kai ba mutum-mutumi ba ne. Wannan dannawar izini ce ka ba shafin ya riƙa turo maka saƙo duk lokacin da ya ga dama, ko ka rufe shi. Sai su yi wa saƙon ado da tambarin McAfee ko Norton ko Windows. Duba da kyau, za ka ga sunan Chrome ko Edge a jikin akwatin, da adireshin wani shafi da ba ka taɓa ji ba. Nan babu bairos ko ɗaya tukuna. Bairos ɗin yana bayan maɓallin da suke so ka danna.

Na biyu, shafin tsoratarwa. Ya cika fuskar kwamfuta gaba ɗaya, wani lokaci har da ƙara ko murya, ya ce an kulle na'urarka, ka kira wata lamba ko ka biya. Ka riƙe abu biyu. Shafin intanet ba shi da ikon binciken fayilolin da ke cikin kwamfutarka, saboda haka duk lissafin bairos da ya nuna maka zane ne kawai. Sannan kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa gargaɗinsa na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka zaɓi burauzar, ka danna "End task". Idan ka sake buɗe ta, ta tambaye ka ko a dawo da shafukan da suka rufe, ka ce a'a.

Na uku shi ne na gaskiya, daga maigadin da ke zuwa tare da Windows 10 da 11, wato Microsoft Defender. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce. Kar ka danna akwatin. Je ka "Start", rubuta Windows Security, shiga "Virus & threat protection", sannan "Protection history". In gargaɗin na gaske ne za ka same shi a nan, da sunan abin da aka kama da kuma foldar da yake zaune. Sunan ma yana ba da labari. Wanda ya fara da PUA manhaja ce da ba a so, galibi ta cusa talla. BrowserModifier yana taɓa saitin burauza. HackTool yawanci kirak ne ko abin kunna Windows da Office ta bayan gida. Trojan kuwa shi ne wanda ya kamata ya hana ka barci. Rubuta sunan foldar a takarda, za ta yi amfani nan gaba.

Me ya sa yake dawowa?

Manhajar cusa talla kasuwanci ce. Duk tallar da ta nuna maka, duk dannawar da ka yi, akwai wanda ake biya. Saboda haka masu ƙera ta sun fi ba da ƙarfi wajen ganin ba a kore ta ba.

A watan Disamba 2020 Microsoft ta fitar da bayani kan wata da ta sa wa suna Adrozek. Tana shiga Chrome da Edge da Firefox da Yandex, ta cusa talla cikin sakamakon bincike, ta hana burauzar sabunta kanta don kar a gyara ɓarnar. A Firefox har kalmomin sirrin da aka adana take kwashewa. Kamfanin ya ce a watan Agusta na shekarar, lokacin da abin ya yi ƙamari, ana ganinta a na'urori sama da 30,000 kullum. A 2022 kuma aka yi fama da ChromeLoader, wadda ke zuwa cikin fayil ɗin gem ko fim na sata. Dabararta ita ce ta dasa wa Windows wani aiki mai lokaci, irin agogon tashi daga barci. Ka cire abin da ta maƙala wa burauza, agogon ya buga, ta mayar da shi. Antibairos ya kama, ya goge, ya yi maka gargaɗi, gobe a maimaita. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

A nan makaranta, tushen ba ya wuce ɗaya daga cikin waɗannan: izinin sanarwa da aka ba wani shafi, wani abu da aka maƙala wa burauza, manhajar da ta biyo wata ta shigo, aiki mai lokaci, kirak ɗin da har yanzu yake cikin na'ura, ko filash da ke zirga-zirga tsakanin hostal da shagon firintin.

Bi wannan tsari, kar ka tsallake

Mataki na farko, tsira da aikinka. Kafin ka taɓa komai, kwafi firojet ɗinka, rahoton SIWES, hotunan takardun shaida da rasiɗan biyan kuɗin makaranta. Tura su imel ɗinka ko Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta. Takardu da hotuna kawai. Kar ka kwashi fayilolin girka manhaja, a cikinsu cutar take.

Na biyu, kori baƙin da ba ka gayyata ba. Danna maɓallin Windows da R, rubuta appwiz.cpl. Jerin manhajojin na'urarka zai fito. Danna "Installed On" su jeru bisa ranar da suka shigo, ka duba waɗanda suka zo a makon da rigimar ta fara. Duk mai sunan goge-goge, ƙara gudu, sabunta direba ko sauke bidiyo, in ba ka tuna ka sa shi da hannunka ba, cire shi. Wanda ba ka gane ba, nemi sunansa a waya kafin ka taɓa, kar a je a cire direban sauti ko na allo.

Na uku, burauza. A wurin rubuta adireshi na Chrome, rubuta chrome://extensions, ka cire duk abin da ba ka sani ba. Sannan chrome://settings/content/notifications, ka duba jerin shafukan da aka yarje wa turo sanarwa, ka toshe baƙin ciki. Wannan kaɗai ya isa ya kashe gargaɗi iri na farko. A Edge hanya ɗaya ce, sai dai ka fara da edge a madadin chrome. Daga nan shiga saiti ka danna "Reset settings". Alamomin shafukanka da kalmomin sirri ba za su goge ba. Lura da abu biyu. In ka shiga Chrome da asusun Gmail, abin da ke maƙale zai iya bin asusun zuwa wata kwamfutar, har da wadda aka yi wa fomat, don haka ka cire shi alhali kana cikin asusun. Kuma in ka ga an rubuta "Managed by your organization" a laftof ɗin da kai ka saya da kuɗinka, buɗe chrome://policy ka ga dokar da aka sa. Wani lokaci antibairos ne ya sa ta, wani lokaci kuma ɓarawon ne ya naɗa kansa maigida.

Na huɗu, agogon da ke tashin ta. Buɗe Task Manager, shiga ɓangaren "Startup", ka kashe abin da ba ka gane ba. Sannan Windows da R, rubuta taskschd.msc. Danna ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ka duba "Actions". Wanda ke buɗe adireshin wani shafi, ko yake kiran powershell ko wscript da dogon rubutu marar ma'ana, ko yake nuni ga foldar nan da ka rubuta a takarda, shi ake nema. In kana shakka, danna "Disable" maimakon gogewa. Idan wani abu ya daina aiki sai ka mayar.

Na biyar, bincike. Sauke AdwCleaner daga shafin Malwarebytes na ainihi. Kyauta ne, ƙarami ne, ba ya buƙatar girkawa, kuma don wannan aikin aka yi shi. Bayan ya gama, koma Windows Security, shiga "Manage settings", gangara zuwa "Exclusions". Nan ne ake gaya wa Defender wuraren da ba zai duba ba, kuma masu kirak na son cusa foldarsu a ciki. Cire duk abin da ba kai ka sa ba. Sai ka zaɓi "Scan options" ka yi cikakken bincike, ka bi shi da wanda aka rubuta wa "offline". Wannan zai kashe kwamfutar ya bincike ta kafin Windows ta gama farkawa, lokacin da muguwar manhaja ba ta samu damar ɓuya ba. Yana ɗaukar kusan minti 15. Ka tabbata akwai caji, kar wuta ta yanke maka a tsakiya.

Na shida, sauya makullai. In abin da aka kama Trojan ne, ɗauka cewa duk kalmar sirrin da ka adana a burauzar ta fita. Yi amfani da wata na'ura mai tsabta ka canza ta imel da farko, domin da ita ake buɗe sauran, sannan ta fotal ɗin makaranta, Facebook da banki. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In ka taɓa rubuta lambar kati ko BVN a ɗaya daga cikin shafukan tsoratarwar nan, kar ka jira gobe, toshe katin ka sanar da bankinka.

In ka yi duk wannan gargaɗin gaskiya bai daina ba, lokacin fomat ya yi. Amma fa a kula. Idan mai gyara ya sa maka Windows sabuwa sannan ya ɗauko tsohon filash ɗinsa ya loda maka kirak iri-iri, to an yi wanka an koma cikin taɓo. Tsaya a kansa ka ga abin da yake sawa.

Maganar kirak

Mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancinmu laftof ɗin hannu muka saya, daga Gusau ko Kano, ta zo cike da manhajojin da ba a biya kuɗinsu ba. Sannan kwas ya buƙaci AutoCAD ko SPSS ko CorelDRAW, aboki ya ce yana da shi a filash. Umarnin farko da ke zuwa da kirak shi ne ka kashe antibairos kafin ka girka. Ka ji fa. Baƙo ya ce ka sallami maigadi kafin ya shigo, kuma ka sallama.

Talla ita ce mafi sauƙin abin da ke biyo wannan hanya. Akwai manhajar garkuwa da fayil mai suna STOP, wasu na ce mata Djvu, wadda ta fara yaɗuwa tun 2018, kuma babbar hanyarta ita ce kirak. Tana kulle takardu da hotuna, ta ƙara wasu haruffa a ƙarshen sunan kowane fayil, ta bar wasiƙa mai suna _readme.txt wadda a shekarun baya ta riƙa neman dala 980, ko 490 in an biya cikin awa 72. Lissafa wannan da naira, ka tuna saura mako biyu difens. Fomat ba ya buɗe fayil ɗin da aka kulle. Kwafin da ka ajiye a wani wuri shi ne babban abin da zai cece ka.

Akwai mafita ta halal. LibreOffice kyauta ce, tana buɗe fayilolin Word da Excel, kuma ba ta buƙatar intanet. Word da Excel na cikin burauza kyauta ne ga mai asusun Microsoft. Kamfanin Autodesk na ba ɗalibai lasisin AutoCAD na shekara ɗaya kyauta, ana sabuntawa muddin ana karatu, shaidar ɗalibta kawai suke nema. Mai nazarin alƙaluma ya gwada PSPP ko jamovi, amma ya fara tuntuɓar sufabaiza ya ji ko zai karɓa. Kuma duk abin da za ka sauke, rubuta adireshin kamfanin da kanka. Sakamakon farko da ke fitowa a bincike sau da yawa talla ce da wani ya biya.

Kar a nemi magani wurin mai cuta. A watan Agusta 2022 sashen tsaron intanet na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ya gargaɗi 'yan Najeriya kan HiddenAds, wadda ta shiga Play Store da sunan manhajojin goge datti da gyaran batirin waya. Mutum ya sauke don wayarsa ta yi sauri, ita kuma ta ɓoye tambarinta ta shiga zuba masa talla. A kwamfuta ma haka suke yi. Antibairos ɗaya ya isa, kuma Defender da ake sabuntawa ya fi uku na sata da ke faɗa da juna suna cinye ƙarfin na'ura.

Filash da shagon firintin

Kwamfutar shagon firintin tana karɓar filash masu yawa a rana, ballantana lokacin haɗa firojet. Ko mai shagon ya kai wa kula, ɗaya mai cuta ya isa ya raba wa kowa. Alamar da aka fi sani ita ce ka dawo ɗaki ka tarar foldodinka sun koma shotkot, masu 'yar kibiya a jiki. Kar ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke tayar da bairos ɗin. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. Bincika filash ɗin da Defender tukuna. Sai ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Sa harafin filash ɗinka a wurin E. Foldodin za su bayyana. Kwashe takardunka, ka yi wa filash ɗin fomat. Daga yau ka mayar da aikinka PDF ka tura wa mai shago ta imel ko WhatsApp. In dole sai filash, ware guda ɗaya na firintin kawai, kar ya zama shi ne ma'ajiyar firojet.

Ga masu tafiya hutu inda sabis ke wahala

Defender na dogara ne da sabuntawa, ita kuma tana son intanet. Mu a wannan yanki mun san darajar sabis. A farkon Satumba 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ƙara jira. Ko ba a rufe ba, wanda ya tafi hutu wani ƙauyen Zurmi ko Shinkafi ya san yadda ake neman tudu don saƙo ɗaya ya tafi. A irin wannan hali komai ta filash da Xender yake yawo, fim, karatu, manhaja, maigadi kuma yana aiki da tsohon jerin sunayen ɓarayi.

Dabara biyu. Kafin ka bar Ƙaura, bar Windows ta gama sabunta kanta. Sannan a shafin Microsoft akwai fayil ɗin sabunta Defender mai suna mpam-fe.exe, da manhajar bincike mai suna Microsoft Safety Scanner, duka ana iya ɗaukarsu a filash mai tsabta a yi aiki da su ba intanet. Ita ta biyun kwana 10 take yi bayan saukewa ta daina aiki, sai an sauko da sabuwa. Ranar da ka dawo makaranta kuma, sabuntawa da bincike su zama farkon aiki, kafin ka buɗe fotal ko banki.

A duba shekarun Windows ɗin ma. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 ranar 10 ga Janairu 2023, ta kuma sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin yau da kullum na Windows 10. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke jikin tsohuwar Windows babu mai zuwa liƙe ta. Wanda na'urarsa ba za ta ɗauki Windows 11 ba ya tambayi 'yan sashen kwamfuta game da Linux Mint. Kyauta ce, kuma tana tafiya lafiya a tsofaffin laftof.

Abin da za ka yi yau da dare

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ko laftof ɗinku lafiya lau take, ku ba ta minti goma. Ku tura wa kanku firojet ta imel, kuma ku mayar da hakan al'ada duk ranar da kuka ƙara shafi. Ku buɗe jerin sanarwar burauza ku share baƙi. Ku leƙa "Protection history" ku ga abin da maigadi ya daɗe yana faɗa ba a saurara ba. In abokin ɗaki ya zo aron laftof don kallon wasa, a buɗe masa asusun baƙo wanda ba shi da cikakken iko a kan na'urar. Zumunci na nan, firojet ma na nan.

Wanda ya gwada ya samu sauƙi ya koya wa na kusa da shi, domin filash ɗin maƙwabcinka gobe a laftof ɗinka zai kwana. Allah Ya ba mu sa'ar difens da jarrabawa, Ya kai kowa gida lafiya, Ya zaunar mana da yankinmu lafiya. Amin.